Daga kogin Isa zuwa Kaduna: tarihin abin da ke ɗauke da kamara

A cikin shekara ta 1946 wasu samarin Faransawa uku, Jean Rouch da Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka ɗaura niyyar bin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, tun daga mafarinsa a tsaunukan Gine har inda yake zuba cikin teku, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, mafi yawanta a cikin kwale-kwale. Rouch, injiniyan hanyoyi da gadoji wanda aiki ya fara kawowa Yamai a 1941, yana ɗauke da wata tsohuwar kamara ƙirar Bell & Howell mai cin zaren fim na milimita 16, wadda ya saya a kasuwar gwanjo ta birnin Paris, haɗe da ƙafa-ukun da ake ɗora ta a kai. Ba su yi nisa ba sai ƙafar ta salwanta a wani wuri da ruwa ke gudu bisa duwatsu. A wancan zamani duk wanda ya koyi ɗaukar fim an koya masa cewa kamara ba ta aiki sai a kan ƙafarta. Rouch bai da inda zai sayi wata, saboda haka ya riƙe kamarar a hannu ya ci gaba, kuma da hannun ya ɗauki farautar dorina da Sorkawa suke yi a yankin Ayoru, wadda ta zama fim ɗinsa na farko a 1947. Labarin ɓatan ƙafar daga bakinsa ya fito, shi kuwa gwanin labari ne mai iya ƙara wa miya gishiri. Amma hotunan suna nan, kuma duk wanda ya kalle su zai ga kamara tana numfashi tare da mai riƙe da ita.

Masu rubuta tarihin silima sun saba mai da hankali ga daraktoci da ƴan wasa, in sun matsa su yi maganar kamara kanta. Ba safai ake tambayar a kan me kamarar take zaune ba, alhali abin da ke ƙarƙashinta shi ke yanke hukuncin ko za ta tsaya cik, ko ta bi mutum cikin kasuwa, ko ta tashi sama ta hango gari. Kaso mai tsoka na waɗannan abubuwa kuwa ba daga masana'anta suka fito ba. Wasu aro aka yi daga asibiti da gidan waya, wasu kafinta da mai walda suka haɗa, wasu mai fim ɗin ya ƙera da kansa a bayan gidan iyayensa.

Matsalar tana da sauƙin faɗa. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa: akwai numfashi, akwai bugun zuciya, akwai taku, kuma rawar da ido ba ya lura da ita a hannu takan zama girgizar ƙasa idan aka haska ta a farin bango mai faɗin mita goma. Maganin farko shi ne wanda kowace mace mai girki ta sani. Tukunya ba ta rawa a kan duwatsun murhu uku ko da ƙasa ba ta daidaita ba, ita kuwa kujera mai ƙafa huɗu sai an yi mata saƙo. Kamarorin farko da hannu ake juya su, don haka tilas a kafe su a kan ƙafa uku masu nauyi. Sai dai tun silima tana jaririya aka fara neman hanyar sa ta tafiya, kuma abin hawan da ke kusa shi aka ara. A 1896 Alexandre Promio, ma'aikacin ƴan uwan nan Lumière, ya ɗora kamararsa cikin kwale-kwale a birnin Venise na Italiya, gidaje suka riƙa wucewa a gaban ƴan kallo. Giovanni Pastrone ya yi rajistar wani ɗan amalanken kamara a 1912, ya yi aiki da shi a fim ɗin Cabiria na 1914. A Jamus kuma, cikin fim ɗin Der letzte Mann na 1924, mai ɗaukar hoto Karl Freund ya ɗora kamara a kan keke don ratsa zauren otal, ya kuma ɗaure ta a ƙirjinsa yana tangaɗi domin ƴan kallo su ga duniya da idon wanda ya bugu. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 aka rufe kamara cikin akwati mai kauri don kada ƙararta ta shiga magana, ta yi nauyin da sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga ta. Daga nan motsa kamara ya zama aikin manyan kamfanoni masu layin dogo da injunan ɗagawa, wanda ba shi da su kuwa ya kafe tasa wuri guda.

Wannan ƙa'ida ce ta nutse tare da ƙafar Rouch. Kamararsa ba ta da batir, wana ta ake yi kamar agogo, kuma kowane wani bai wuce daƙiƙa 25 ba. Ƙuntatawar biyu suka haɗu suka koya masa wani salo: tun da dole ya tsaya ya sake wani, sai ya yi amfani da tsayawar ya canza wuri, kuma tun da babu ƙafar da zai tsaya kafawa, canza wurin ba ya cin lokaci. Jikinsa ya zama ƙafar, gwiwa ta zama abin shanye girgiza. A 1959 ya haɗu da Michel Brault, ɗan Kanada wanda ya ƙware wajen tafiya da kamara cikin taron jama'a da gilashi mai faɗin gani, domin irin wannan gilashi yana ɓoye rawar hannu, mai jawo nesa kusa kuwa ninka ta yake yi. Rouch ya gayyato shi Paris a 1960 don aikin Chronique d'un été, wanda ya yi tare da Edgar Morin. A cikin wannan fim akwai wurin da Marceline, wadda ta tsira daga sansanin Auschwitz, take tafiya ita kaɗai tana magana da mahaifinta da bai dawo ba. Don kada kowa ya tsaya mata a gaba, sai aka ajiye kamarar a bayan ƴar motar nan Citroën 2CV, aka kashe inji, aka riƙa tura motar da hannu, kamara tana nisa da ita sannu a hankali har ta zama ƴar ƙarama a ƙarƙashin rufin kasuwa. Ba wani layin dogo da zai fi haka.

Shekara guda kafin nan, a 1959, Jean-Luc Godard ya ɗauki À bout de souffle ba tare da kuɗin hayar amalanken kamara ba. Ya zaunar da mai ɗaukar hotonsa Raoul Coutard a keken marasa lafiya yana tura shi da kansa, a kan babban titin Champs-Élysées kuma ya ɓoye shi cikin amalanken ma'aikatan gidan waya da aka huda wa rami, don masu wucewa kada su san ana ɗauka. Shi kuwa Rouch a Nijar ya kai salonsa maƙura. A 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, mutane sun kwana uku suna kiɗa suna jiran iskoki su sauka don neman kariya daga fara, ba su sauka ba. A rana ta huɗu ya saɓa kamara a kafaɗa, ya shiga fili yana ɗauka ba yankewa har zaren mita 120 ya kusa ƙarewa, wajen minti goma, kuma ana cikin haka aka hau. Fim ɗin shi ne Tourou et Bitti, sunan gangunan da aka kaɗa. A wannan shekara ce injiniya Jean-Pierre Beauviala ya kafa kamfanin Aaton a Grenoble, da burin ƙera kamarar da za ta kwanta a kafaɗa kamar kyanwa. Masana'anta ta fara bin sawun abin da rashi ya ƙirƙiro.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin labarin yana da daɗin da kan rufe ido. Godard ya zaɓi keken marasa lafiya ne yana da mai zuba masa kuɗi, yana kuma da ɗakin wanke fim a cikin garin da yake aiki. Rouch yana da cibiyar binciken kimiyya ta Faransa a bayansa. Ƴan Afirka da suka ɗauki kamara ba su tarar da irin wannan shimfiɗa ba. Tun 1934 dokar Laval ta sa ba a ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma, abin da ya sa Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka yi Afrique sur Seine a Paris a 1955. Bayan samun mulkin kai, taimakon da ake samu yakan fito ne daga ofishin silima na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wanda aka buɗe a 1963, kuma duk zaren da aka ɗauka a Yamai ko Dakar sai an saka shi a jirgi an kai Paris kafin a wanke. Darakta yakan gama ɗauka, ya sallami ƴan wasa, bai ga ko daƙiƙa ɗaya ta abin da ya ɗauka ba. Ousmane Sembène ya raɗa wa wannan hali suna mégotage, wato tsintar guntayen taba a haɗa kara guda.

Wanda ke cikin wannan hali ba ya caca da zare. In ya ɗora kamara a baro ya tura, hoton ya yi rawa, ba zai sani ba sai bayan makonni, lokacin da damina ta wuce ko ɗan wasan ya tafi ci-rani. Ga kuma ƙasa kanta: keken marasa lafiya yana son daɓe mai santsi, titin Paris ya ba shi, rairayin Tawa ko na Damagaram kuwa ƙafarsa zai haɗiye. Wasu masu sharhi na Turai sun ga kamarar finafinan Afirka na shekarun 1960 da 1970 tana yawan tsayawa wuri guda, suka ce gadon tatsuniya ne da zaman sauraron maroƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bayani ne da ya tsallake tsadar zare da nisan ɗakin wanki, kuma ya mai da larura ɗabi'a. Inda abin hawa ya samu cikin labarin kansa, kamarar ta hau. A Borom Sarret na 1963, Sembène ya ɗora ta a kan amalanken dokin da fim ɗin yake ba da labarinsa, aka ga Dakar daga mazaunin mai amalanke, tun daga unguwar talakawa har unguwar da aka hana irinsa shiga. Oumarou Ganda, wanda ya fara shiga silima a matsayin ɗan wasan Rouch a Abidjan, da ƙaramar kamarar milimita 16 ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, karo na farko da aka ba da ita.

Babu wanda ya kai Moustapha Alassane cancantar a tsaya a kansa a wannan babi, domin shi ta ƙofar ƙira ya shigo silima. An haife shi a 1942, ya koyi kanikanci, kuma tun kafin ya riƙe kamara ya riga ya haɗa akwatin haska zane da kansa, yana zana hotuna a kan takarda mai sheƙi da haske ke ratsawa, yana haska wa mutane da fitila. A cibiyar IFAN ta Yamai ya haɗu da Rouch, ya yi Aouré a 1962, daga baya ya tafi Kanada inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane. La Mort de Gandji ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, shekarar da ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da kuma Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi mutane.

Fim ɗin zane da na ƴar tsana yana juya matsalar da ake magana a kai. Sauran masu fim suna neman yadda kamara za ta motsa ba tare da rawa ba, shi kuwa mai zane yana neman yadda ba za ta motsa ba ko da faɗin gashi, kwana da kwanaki. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, minti biyar na bukatar zane 3,600, kuma tsakanin kowane biyu sai an sa hannu an canza takarda ko an ɗan lanƙwasa hannun ƴar tsana. In teburin ya gusa, ko ƙafar kamara ta nutse kaɗan cikin ƙasa, ko wani ya yi tuntuɓe da fitila, aikin mako ya tashi a banza. Saboda haka abin da ke riƙe da kamara a nan ya fi kamarar muhimmanci, kuma aiki ne na kafinta da bakanike kafin ya zama na mai zane. Alassane ya yi Samba le grand da ƴan tsana a 1977, daga baya ya koma Tawa da zama, ya mai da wani sashe na otal ɗinsa ɗakin aiki, yana haɗa ƴan tsanansa da hannu daga abin da ke samuwa a gari. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2009 an sa masa suna Cinéaste du possible, ma'ana mai fim da abin da ya yiwu. Yana cikin motar da ta yi hatsari kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, inda Rouch ya rasu. Shi kuma ya rasu a Wagadugu a 2015.

Ko da yake ba kayan kamara ba ne, da wuya a wuce Cocorico Monsieur Poulet na 1974 ba a ambata ba, fim ɗin da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Rouch suka yi tare. Jarumar labarin wata tsohuwar 2CV ce mai suna Patience, da ake fita da ita ƙauyuka sayen kaji, kuma sau uku ana ƙetare kogin Isa da ita ta hanyoyin da babu injiniyan Citroën da ya taɓa mafarkinsu. Fim ne da aka yi da dabara a kan dabara.

A Amurka kuwa, farkon shekarun 1970, wani mai ɗaukar hoto na Philadelphia, Garrett Brown, ya gaji da shimfiɗa layin dogo a kan ƙasa mai gargada. Gwajinsa na farko doguwar sanda ce da ya haɗa da kayan famfo, kamara a gaba, nauyi a baya. Daga nan ya kai ga na'urar da aka sa wa suna Steadicam, wadda ta fara aiki a 1975, aka gan ta a Bound for Glory da Rocky a 1976, ta samu lambar Oscar ta fasaha a 1978. Hikimarta ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa kallon ɗan ga-ruwa. Garwa biyu a bakin sanda ɗaya, kafaɗa a tsakiya: mutumin yana sauri, sandar tana lanƙwasa tana shanye takunsa, ruwan bai zuba ba. Abu mai nauyi da aka baza nauyinsa nesa da tsakiya yana da wuyar juyawa farat ɗaya, kuma in aka riƙe shi daidai cibiyar nauyinsa, motsin mai riƙon ba ya karkatar da shi. Brown ya ƙara da riga mai ɗaukar nauyin, da hannun ƙarfe mai sifirin, da mahaɗa mai boris da ke raba kamara da jikin mutum. Sai dai kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, ga ladan gwanin da ya iya ta. Abin da aka fara da kayan famfo ya koma hannun masu kuɗi, marasa kuɗi kuma suka koma kan kayan famfo.

Sam Raimi yana ɗan shekara 20 ya shiga dajin Tennessee a ƙarshen 1979 don ɗaukar The Evil Dead. Yana son kamara ta yi gudu ƙasa-ƙasa tsakanin itatuwa kamar wani abu da ba a gani yana bin mutane. Sai aka ɗaure ta a tsakiyar dogon katako, mutum biyu suka kama bakinsa biyu suka zura da gudu. Tsawon katakon ya raba girgizar, wadda ta rage kuwa ita ta ba hoton tsoronsa, har manyan kamfanoni suka dawo suna kwaikwayon abin da aka yi don rashin Steadicam. A madadin layin dogo kuma suka shafa basilin a kan katako suna zame kamara a kai. A Niyuzilan, Peter Jackson ya shafe shekara huɗu yana ɗaukar Bad Taste a ranakun hutu da abokansa, da wata tsohuwar Bolex, ya ƙera wa kansa layin dogo da na'urar ɗagawa da kwatankwacin Steadicam, fim ɗin ya fito a 1987. Shi ne daga baya ya yi The Lord of the Rings. Robert Rodriguez ya yi El Mariachi na 1992 a garin Acuña na Meziko da kimanin dala 7,000, ya koma ga dabarar Godard, ya ari keken marasa lafiya ya zauna da kamara ana tura shi. A farkon shekarun 2000 wani ɗalibi a jami'ar Carnegie Mellon, Johnny Chung Lee, ya wallafa a intanet yadda ake haɗa abin daidaita kamara da dala 14: guntayen bututun ƙarfe na ruwa, da mahaɗa, da ƙarfen ɗaga nauyi a ƙasa. Ba ta da boris ko sifirin, hannun mutum ne ke yin aikinsu, kuma shi kansa ya nanata cewa mafi yawan aikin yana ga iya tafiya, gwiwa a lanƙwashe, taku a hankali.

Duk waɗannan ƙere-ƙere iri kaɗan ne ake ta maimaitawa. Na'urar ɗaga kamara jigo ce, irin wadda masu lambu ke ɗebo ruwa da ita: doguwar sanda a kan gwafa, guga a baki ɗaya, dutse ko curin laka a ɗayan. An sa kamara a madadin guga, an ƙara sanda ta biyu a jere da ta farko don kamarar ta ci gaba da kallon gaba yayin da take tashi. Layin dogo na talaka bututun roba ne guda biyu a shimfiɗe, da faifan katako mai ƙananan tayoyi bibbiyu da aka karkata su rungumi bututun. Abin da ya sa duk wannan ke yiwuwa wani ɗan rami ne da ba a kula da shi: kusan kowace ƙaramar kamara a duniya tana da rami mai zare a gindinta, faɗinsa kwata na inci, don haka duk wanda ya samu noti mai wannan awo zai iya ɗaura kamara a kan duk abin da ya ga dama. Inda ƙirar gida ta fi kasawa shi ne kan ƙafa-uku, wurin da ke juyawa. Na masana'anta yana da mai mai kauri a ciki da ke sa juyi ya fara a hankali ya ƙare a hankali. Na walda yakan ƙage sannan ya fizge, kuma da wannan fizga ake gane fim ɗin da aka yi cikin rashi tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Akwai kuma jigon da aka yi wa awon nauyi da ka, ya kife da kamarar aro.

Abin da ya sauya lissafin a ƙasar Hausa bidiyo ne. A Nijar gidajen silima sun yi ta rufewa, kuma karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi, daga zare har noti. Amma a Kano an riga an buɗe wata ƙofa tun 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset. Bidiyo ya kashe jiran Paris. Mai ɗauka yana iya hawa bayan mota ko babur, ya mai da kaset baya, ya ga abin da ya samu nan take, in bai yi ba ya sake a kan kaset ɗin. Kuskure ya daina cin kuɗi, gwaji ya yi arha, kuma kaset ɗin suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Sai dai sauƙin ya zo da nasa ciwon. Kamara mara nauyi ta fi mai nauyi rawa, domin ba ta da jikin da zai yi wa hannu gardama, kuma abin ya ƙaru da kamarorin hoto masu ɗaukar bidiyo irin Canon 5D Mark II ta 2008, sannan wayar hannu. Aka wayi gari masu fim suna ƙara wa kamara nauyi da gangan, suna ɗaura mata ƙarfe da katako don ta natsu. A unguwar Wakaliga ta Kampala, inda Isaac Nabwana ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010, daga tarkacen ƙarfe aka walda jigon kamara da bindigogin wasan. Kayan irin wannan aiki ba su fi ƙarfin kasuwar Katako ta Yamai ba, inda ake mai da tsohon ƙarfe sabon abu kullum.

Daga 2013 aka fara sayar da abin riƙe kamara mai ƙananan injuna uku da ke jin karkata suna gyara ta nan take, kuma cikin ƴan shekaru kamfanin DJI na Sin ya sauko da farashin irinsa har ya kai ga masu ɗaukar biki da waya. Jirgi mara matuƙi ya karɓe wani ɓangare na aikin jigo. Wannan ya rage ƙirar gida ƙwarai, bai kuwa kashe ta ba, domin na'urar tana son caji, ba ta shiri da ƙura, kuma in ta lalace mai walda ba shi da abin yi mata. A 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nuna wasu samari a Kaduna, masu kiran kansu The Critics, suna ɗaukar gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle a bango, sun koyi haɗa hoto daga intanet, suna fama da ɗaukewar wuta. Wayar tana zaune ne a kan ƙafar da suka haɗa daga karyayyen ƙarfen ɗora makirufo. A shekarar da ta biyo baya, daraktan Hollywood J. J. Abrams, wanda ya ga aikinsu, ya aika musu da akwatunan kayan aiki.